Ramin Kwamanda

Kwamanda bai taɓa zama soja ba. Ko ƙofar bariki bai taɓa leƙawa ba, kuma in taya ta fashe a titi shi ne na farkon kwanciya. Maigadi ne a wani ɗakin taro, irin wanda ake kamawa haya don biki ko taron ƙungiya. Amma tun ranar da aka ba shi riga mai maɓallai masu ƙyalli, aka damƙa masa na'urar nan ta caje mutane, wadda ke tsuwa in ta ji ƙarfe, ya raɗa wa kansa wannan suna. Unguwa ta karɓa ba musu, tun da suna ba a biya masa haraji.

In ana taro sai ka gan shi a bakin get, ya buɗe ƙafafu, ƙirji a gaba. "Ɗaga hannu. Juya. Mene ne wannan a aljihunka? Makulli? Na sani, tun kana tsallaken titi na ji shi." Duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kusa da bencinsa sai ya sha labarin yadda ya taɓa kama wani da reza a cikin takalmi. Ranar da labarin ya yi daɗi, rezar takan zama adda.

Aikin ya zo da ɗaki. Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa a bayan ginin, amma ga famfo a bakin ƙofa, ga wuta ba ta ɗaukewa saboda injin wurin. Matarsa, wadda ta gaji da yawon gidajen haya da kaya a ka, tana son ɗakin nan kamar ranta. Ita ta ɗinka masa labule, ta shimfiɗa leda, ta jera 'yan kwanukanta a kusurwa. Ba ta hana mijinta cika baki, don ta san hana zakara cara ɓata lokaci ne. Abu ɗaya take yawan ce masa: "Ka faɗi duk abin da ka ga dama, baki naka ne. Ɗakin nan dai kada ka ja mana a kansa."

Ana nan sai tafiya ta kama Mai Wuri, wato mai ɗakin taron. Ya kira Kwamanda, ya miƙa masa makullai, ya nuna masa filin ajiye motoci, wani fili na jar ƙasa fetal tsakanin get da ginin.

"Da na dawo akwai babban biki, motoci za su cika nan. Ka nome ciyawar, ka share. Iyakar aikin da na bar maka ke nan."

"Ranka ya daɗe, in ka dawo ba za ka gane filin nan ba."

Wannan alkawari kam, a faɗi gaskiya, ya cika shi.

A tsallaken titi akwai shagon wani mai aski, mutumin da bakinsa ya fi almakashinsa aiki. Kwamanda ya je rage suma, ana tsakiyar yi sai mai aski ya tura masa waya gaban hanci. Wasu mutane ne a wata ƙasa mai nisa suna yawo a gona da na'ura mai dogon hannu da faifai a ƙarshenta. In ta yi ƙara su durƙusa su tona, su ciro tsofaffin sulalla, wani ma har da tukunya guda.

"Ka ga masu na'ura," in ji mai aski. "Ba irin taku ta shinshinar aljihun baƙi ba."

Kwamanda ya taɓe baki. "Tsohuwar yayi ce. Ba ka ga girmanta ba? Komai in ya ci gaba ƙanƙancewa yake yi. Dubi wayar da, dubi ta yanzu. Tawa jikar wannan ce."

"To ai ga fili nan a gabanka. Kakana ya ce kafin a yi ginin nan, a nan matafiya ke sauka, har da masu canjin kuɗi. Wanda ya ji tsoron ɓarayi sai ya binne nasa. Wani ya tafi bai dawo ba."

Mai aski ya faɗi haka ne kawai don bakinsa ba ya iya zaman banza. Kwana kaɗan kafin nan ya gaya wa wani cewa filin tsohuwar rijiya ce da aka cike. Amma Kwamanda ya miƙe zumbur da rabin kai a aske, sai da aka danna shi kan kujera aka ƙarasa.

Yana shiga ɗaki ya ce, "Uwargida, kwanan nan za ki daina wanki da hannunki."

"Ka nome ciyawar?" in ji ta.

Washegari ya ɗaure na'urar a jikin sandar goge daɓe da igiyar roba, ya shiga fili yana lilo da ita kamar yadda ya gani a waya. Ya je ƙarshe ya dawo, shiru. Ya bi ta tsaye, ya bi ta kwance, shiru. Ya kara ta a ƙarfen bel ɗinsa, ta yi tsuwa. Lafiyarta lau ke nan. Mai aski, da ya hango abin kallo, ya rufe shago ya tsallako. Ya ce a gwada, ya binne makullin shagonsa zurfin ɗan yatsa, ya baje wurin da ƙafa. Na'ura ta bi ta kai ko tari ba ta yi ba. Aka sake, haka. Sai aka zo ciro makulli, mai aski ya ce nan ne, Kwamanda ya ce can ne. Suka shafe rabin safiya a durƙushe suna tono da farce, masu jiran aski na zaune a ƙofar shago suna kallonsu, kafin makullin ya bayyana.

Da wani ne, da nan ya haƙura ya ɗauki fartanya. Kwamanda ya zauna a benci ya yi tunani, abin da ba ya yawan yi, kuma da ya ci gaba da barinsa da ya fi masa.

"Na gano matsalar," ya ce. "Kai, in ana taro, ni nake bin mutane gidajensu in caje su?"

"A'a."

"Su suke zuwa get, ɗaya bayan ɗaya, su tsaya a gabana. To na'urar nan ta saba da tsari. Ba ta bin kowa. Ƙasar ce za ta zo get a caje ta."

Mai aski ya sosa ƙeya. "Wato su waɗancan sai sun ji ƙara su tona, kai kuma sai ka tona ka ji ƙara."

"Shi ya sa suke gasuwa a rana, ni ina zaune a inuwa."

Saura mai haƙa, don Kwamanda ba ya shiri da cebur. Nan ma dabara ta zo masa. Damina na ƙaratowa, kowa a layin yana neman ƙasar da zai cike ƙofar gidansa kada ruwa ya shiga. Sai ya bazu da sanarwa: ƙasa kyauta, sharaɗi ɗaya tak. Ka haƙa da kanka, ka bi layi, a caje, in an ce wuce ka wuce da abarka.

Banza ta faɗi. Kafin rana ta take an cika fili da diga da cebur. Mai bulo na ƙarshen layi ya turo baro. Tela ya bar kekensa ya zo da kwanon gini. Gwaggo, tsohuwar da ke kiwon agwagi a bayan katanga, ta zo ta shiga gaba ba tare da ta tambayi inda layi ya tsaya ba. Kwamanda ya sa rigar aiki, ya gyara tsayuwa.

Kwano na farko ya iso, ya ɗora na'ura, ta yi tsuwa. Jama'a suka ɗauki ihu. Kwamanda ya ɗaga hannu, fuska ba dariya.

"A zube."

Aka zube, ya bi da yatsu har ƙasa, ba komai. Kwano na biyu, tsuwa. A zube. Na uku, tsuwa. Baron mai bulo ma tun bai ƙaraso ba na'ura ta fara kuka. Bakin get ya cika da tsibin ƙasa, Kwamanda na rarrafe daga wannan zuwa wancan, yana cewa dukiyar ta yi yawa ne har ta ruɗa na'ura. Matarsa ta fito shanya, ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a kafaɗa tana kallo.

"Kwanukan na ƙarfe ne," ta ce, ta wuce.

Kwamanda ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Na sani. Gwada ta nake yi."

Nan take ya kafa doka: roba kaɗai za a shigo da ita. A ranar babu matar da ta yi wanki a layin, duk robobi suna get. Aiki ya kankama. "Ajiye. Juya ta. Wuce." Robar Gwaggo kaɗai ce ta ƙi daina tsuwa, sai da aka gano awarwaron hannunta ne.

"Gwaggo, cire shi."

"Ɗan nan, tun ba a haife ka ba awarwaron nan ke hannuna. Ba ya fita."

"To ajiye robar ki ja baya."

"In na ajiye wa zai ɗora min?"

Ya ɗora mata. Sauran mata suka ga haka, su ma suka ajiye. Mutumin da ya ce zai zauna a inuwa ya ƙare yana ɗora wa rabin unguwa kaya a ka, bayansa na ƙara.

Ba a ce bai samu komai ba. Duk abin da ya taso saman roba na'ura na jinsa. Ya samu ƙusoshi, da murafen kwalba, da cokali mai lanƙwasa, da filogin mota. Ran nan sai ga wani tsohon kwaɗo, tsatsa ta cinye shi. Kwamanda ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Me ake kullewa da kwaɗo?"

"Banɗaki," in ji tela.

"Akwati. Inda ka ga kwaɗo, akwati na kusa. A ƙara zurfi."

Daga ranar ya daina nuna abin da ya samu. In na'ura ta yi tsuwa sai ya juya wa jama'a baya, ya damƙe abin a tafin hannu, ya jefa cikin wata tsohuwar jaka da ya rataya. Duk inda ya bi jakar na ƙaras-ƙaras. Wanda ya tambaya sai ya kashe masa ido ɗaya ya ce, "Ba komai ake faɗa ba." Ya fara tare direbobi a titi yana tambayarsu wace mota ce ba ta shan mai. Ya tsaya a shagon tela ya shafa yadin da ya fi kowanne tsada, ya ce a ajiye masa.

Rami kuwa na ta ci. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, har mai bulo in ya shiga sai hularsa ake gani. Faɗinsa ya tashi daga kusa da get ya doshi bayan gini.

"Ramin nan ya kusa famfona," in ji matarsa.

"Alama ce mai kyau. Mutanen da kusa da ruwa suke binne kaya."

"Da famfo a lokacin?"

"Uwargida, wannan harkar tsaro ce. Ba kowa ke gane ta ba."

Yana cikin wannan sai waya ta yi ƙara. Mai Wuri ne. Ya ce jibi da safe yana tafe, kuma uban amarya zai biyo shi ya duba wuri. "Fili fa?"

"Ko ciyawa ɗaya babu, ranka ya daɗe."

Ya kashe waya, ya kori masu layi, ya ja get ya rufe. Ya ce ba komai, rami ai cike shi ake yi, a bari biki ya wuce a ci gaba. Ya ɗauki cebur da kansa, karo na farko, ya tsaya a bakin rami. Ya duba dama. Ya duba hagu. Ya zaga bayan gini ya dawo.

"Me kake nema?" in ji matarsa.

"Ƙasar."

"Ka sallame ta. Kai da bakinka ka ce ta wuce."

Tsoro ya kama Kwamanda, na gaske. Ya dubi ramin, ya dubi labulen ɗakinsu da iska ke kaɗawa. Ya ajiye cebur ya fita da jakarsa a kafaɗa, don ya manta tana nan.

Ya fara da gidan Gwaggo. Ta cike ƙofarta tsaf, har ta daddaɓe.

"Gwaggo, barka da hutawa. Ƙasar nan na zo karɓa."

"Wace ƙasa?"

"Wadda kika kwasa. Dama aro ne."

"Aro? Kyauta ka ce, a gaban jama'a." Ta dube shi. Ta dubi jakar. Ta dubi inda ta cike. "Ɗan nan, me ka manta a ciki?"

"Wallahi babu komai."

"Babu komai shi ne kake wannan gumi?"

Ta jawo kujerarta 'yar tsuguno, ta ɗora a kan ƙasar, ta zauna.

Ya wuce wurin mai bulo. Mai bulo ya nuna masa da haɓa. "Ƙasarka ga ta can a jere tana shan rana."

"Ba ni su in farfasa."

Mai bulo ya ajiye cebur a hankali. "Ka farfasa?"

"In mayar rami."

"Kwamanda, na daɗe a sana'ar nan. Ban taɓa ganin wanda ya fasa sabon bulo ba sai in ya san abin da ke ciki. Je ka, zan yi tunani."

Kwamanda bai kai kwanar layi ba ya ji ƙarar guduma a bayansa.

Ruwa ba ya tsami banza, haka kowa ya ce. Mutumin da ya yi ta rabon ƙasa yana fara'a, yau ya zo yana roƙonta kamar zai yi kuka? Kafin la'asar babu rariyar da ta rage a kicin. Magidanta suka rushe cikon da suka yi da hannunsu. Tela ya ɓalle ragar tagarsa, ya sa matarsa ta riƙe gefe ɗaya yana tankaɗe. Duk gidan da Kwamanda ya ƙwanƙwasa sai a leƙo ta kafar ƙofa a ce masa maigidan ba ya nan, alhali yana jin muryar maigidan yana cewa a kawo wata robar.

Da ya ga uwar bari, sai ya hau bencinsa a bakin get ya yi ta kiran jama'a har suka taru, kowa da jar ƙura a gira. Ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya zo unguwar. Ya faɗi gaskiya.

"Jama'a, ku saurare ni don Allah. Na'urar nan ba ta jin komai sai abin da ta kusa taɓawa. Ku gani."

Ya ɗauki roba, ya jefa kwaɗon nan a ciki, ya kankaro ƙasa daga gefen rami ya rufe shi, ya bi da na'ura ta sama. Shiru.

"Kun gani? Ba ta ji. Dama can ba ta iyawa. Ta caje aljihu ce. Babu wata dukiya, ni na ƙirƙiro abina. Ku dawo min da ƙasar in rufe ramin nan. Aikina ne a kai, da ɗakin da iyalina ke kwana."

Muryarsa ta karye a ƙarshe, har Gwaggo ta ce wayyo. Sai mai aski ya ɗaga ɗan yatsa.

"Tsaya. Wato duk robobin nan da ka caje ka ce su wuce, ko da sulalla a ƙasansu ba za ta ji ba?"

"Ba za ta ji ba! Abin da nake ta faɗa ke nan!"

Mai aski ya juya ya dubi jama'a. "Ashe suna gidajenmu."

Kafin Kwamanda ya sauko daga benci wurin ya watse. Masu ƙasa suka ruga gida. Waɗanda ba su samu ba tun farko suka ture get suka faɗa rami da robobinsu, ba layi, ba caje. Ya tsaya a tsakiya yana hura usur, ana kewaye shi ana wucewa.

Washegari shi da matarsa suka wuni suna abin da za su iya. Ba ta yi masa gori ba, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta ɗauki robarta. Suka zuba shara, suka zuba toka, suka jefa karyayyun kujerun roba da ke jibge a bayan gini. Rami ya haɗiye bai nuna ya ci komai ba. Kwamanda ya ce ya sake samun dabara, ya koma ɗaya gefen filin da ba a taɓa ba ya fara ɗebo ƙasa yana kawowa. Zuwa yamma babban ramin ya ragu da kamu ɗaya, ga kuma ƙaninsa a gefe.

Da asuba aka tsuge da ruwan farko.

Motar Mai Wuri ta iso da hantsi, ta uban amarya a bayanta. Direba ya yi hon, Kwamanda ya buɗe get, ya ƙame, ya sara. Mota ta shigo da hancinta ta tsaya, don babu inda za ta. Mai Wuri ya fito. A gabansa ruwa ne ja, shimfiɗe daga get har kusa da matakalar gini, ƙafar kujera ɗaya ta leƙo daga tsakiya. Agwagin Gwaggo sun riga kowa samun labari, suna ciki suna kai da komo.

Mai Wuri ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mene ne wannan?"

"Ruwa ne, ranka ya daɗe."

"Na ga ruwa. Ina filina?"

"Rabi yana ƙarƙashi."

"Rabin fa?"

"Yana unguwa."

Uban amarya ya ƙaraso, ya tattare babbar rigarsa, ya leƙa. "Baƙin nawa da kwalekwale za su zo?" Bai jira amsa ba ya koma motarsa, ya ce wa direba su je su duba wani wurin.

Kafin nan layin gaba ɗaya ya hallara a bakin get, wasu da rariya a hannu. Mai Wuri ya fara kumbura, jijiyar wuyansa ta tashi. Gwaggo ta ga za a yi ɓarna, ta matso don ta yi gyara.

"Kada ka yi masa faɗa, ɗan nan. Arziki ne Allah ya kawo unguwa. Shi dai ya samu babban, mu ragowa muke nema."

"Babban me?"

Aka ba shi labari, baki goma a lokaci ɗaya. Masu canjin kuɗi, matafiyin da bai dawo ba, jakar da ke ƙara, motar da ba ta shan mai, yadin da aka ce a ajiye. Mai bulo ya rantse akwatin ƙarfe ne. Wani ya ce tukunya ce, ƙanin matarsa ya ga bakinta. Ana yi jijiyar wuyan Mai Wuri na kwanciya. Da aka gama sai ya dafa kafaɗar maigadinsa, ya ja shi gefe, gefen da kowa ke ji.

"Kwamanda," ya ce da taushi, kuma ran nan ne ya fara kiransa da sunan. "Fili nawa ne, abin da ke cikinsa ma nawa ne. Rami ba komai ba ne, tifa za ta cike shi. Biki ma wani zai zo. Kawo abin da ka samu, ka ci gaba da aikinka, ɗakinka na nan."

Matar Kwamanda na tsaye a bakin rumfarta, ta haɗa hannuwa a ƙirji. Kwamanda ya sauke jaka, ya zazzage ta a kan murfin mota. Ƙusoshi suka gangara. Murafen kwalba, cokali, filogi. Mai Wuri ya tona da ɗan yatsa, ya ɗauko kwaɗon.

"Kwaɗo."

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Ina akwatin?"

"Babu akwati."

"Shi ya ce inda aka ga kwaɗo akwati na kusa," in ji tela.

"Ya faɗa," in ji jama'a.

Matar Kwamanda ta kasa daurewa, ta zagayo ta gefen ruwa. "Ranka ya daɗe, ni nake zaune da shi. Mijina ko allura ya tsinta ba ya iya kwana bai gaya wa duniya ba. Wallahi babu abin da ya samu. Ka dubi Allah ka bar mu a ɗakin nan, mu za mu cike ramin ko da hannu ne."

"Kun ji," in ji mai aski a hankali. "Har ita an koya mata."

Mai Wuri ya jefa kwaɗon a aljihunsa. Taushin ya tafi.

"Na yafe rami. Amma mutumin da zai dubi idona ya ɓoye min abin da ya tono a filina ba zai riƙe min makulli ba. Kawo su. Kawo na'urar. Rigar ma. Kafin yamma ina son ɗakina."

Matar Kwamanda ta yi kuka tana ninke labule, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi mijinta ba. Wannan ya fi masa zagi ciwo. Ya yi ta kai kaya waje a singileti, kunya ta ishe shi. Ta kira yayanta a waya. Ya ce akwai wani ɗakin ajiya a bayan shagonsa, ba taga, buhuna sun cinye rabi, in za su iya su zo kafin a ga abin da Allah zai yi.

Mai amalanke ya ɗaure katifa a sama, kwanuka a ƙasa. Suka fito ta gefen ruwa, agwagi suka matsa musu. Kwamanda ya sunkuyar da kai, ya shirya wa dariya, don ya san unguwarsa.

Ba wanda ya yi dariya. Layin ya jeru a ƙofofin gidaje, kowa a tsaye. Mai bulo ya goge hannu a wando ya miƙo masa biyu. "In an tashi gini, ranka ya daɗe, ga ni." Gwaggo ta ce Allah ya sanya albarka, kada dai a manta da tsofaffi. Wani magidanci da bai taɓa amsa gaisuwarsa ba ya rusuna. Mai aski ya bi amalanken da kallo yana girgiza kai.

"Ku dubi dabara. Har tsohuwar katifar ya ɗauka don kada a gane."

Kan Kwamanda ya fara ɗagowa kaɗan-kaɗan. Kafaɗunsa suka buɗe. Kafin su kai tsakiyar layi ƙirjin ya koma gaba, singileti ko ba singileti, har yana ɗaga wa mutane hannu. Matarsa na gefe da ƙullin kaya a ka, idonta a kan hanya.

Suna dab da shan kwana tela ya ɗaga murya daga ƙofar shagonsa.

"Kwamanda! Sabon gidan an gama shi ne?"

Matarsa ta tsaya cak, ta juyo da ƙullin a kanta, ta dube shi karo na farko tun safe. Ya buɗe baki. Ya dube ta, ya dubi layin, ido ya fi ɗari a kansa, duk suna jira.

"Saura fenti," in ji Kwamanda.